Yadda Muka Kai Rijiyoyin Fadamarmu Zariya

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. Ko daga masallaci na fito, ko na zauna gindin bedin bakin kasuwa, sai wani ya matso ya ce wai da gaske ne an kulle mu a kan iyaka. Wani kuma ya ce shi abin da ya ji, akuya ce ta cinye aikin ɗiyata. Na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma na lura duk wanda na faɗa wa, in ya yi gaba sai ya ƙara nasa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sahabi. Na koyar a lakwal, wato makarantar boko, a Bazaga da Illela, har na aje alli na dawo gida Badagishiri ina noman albasa a garka. Sunan Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu, shi ne kawai ya biyo ni daga aikin. Ɗiyar da ake magana a kanta ita ce autarmu, Mariama. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka bakina bai kiran sunan, Uwata nake ce mata. A takarda dai zan rubuta shi, don kada mai karatu ya rikice.

Mariama ta yi karatun ruwa da ƙasa a Yamai, aka turo ta Malbaza cikin masu auna rijiyoyi. Aikinsu su bi ƙauyuka da wata igiya mai na'ura a baki, su zura ta cikin rijiya, in ta taɓa ruwa ta yi ƙara, su rubuta zurfin. Haka wata bayan wata, shekara bayan shekara. Muna cikin jin daɗi ɗiya ta samu aikin buro, wato ofis, sai labari ya fara iso mu cewa in ta tashi daga aiki wurin wani mai walda take zarcewa, ta sa baƙin tabarau tana lanƙwasa ƙarfe. Daga baya maganar ta ƙara nauyi, wai gumaka take yi. Uwarta, Hajiya Ai, har ta rage zuwa gidajen suna saboda kallon da ake yi mata. Da aka gayyaci Mariama ta kai aikinta wani taron masu sassaƙa na zamani a Zariya, Hajiya Ai ta ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, kuma gara ubanta ya je ya gani da idonsa. Ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba, haka na tsinci kaina cikin tafiya.

Direbanmu Ibro ne, ƙanen Hajiya Ai, mutumin Konni. Kakanninsu daga Sakkwato suka zo da fatauci, har yau rabin danginsu na can. Yana da akori-kura da yake jigilar albasa da ita, wadda ko an wanke ta da sabulu sai idon mutum ya yi ƙwalla in ya shiga. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar da na auri yayarsa. Ya zo ya ɗauke ni da hantsi, ƙarshen damina, an fara yankan hatsi. Tun kafin mu kai Tsarnawa ya gama shirya mini rayuwata a Najeriya: kada in yi Faransanci, kada in yi gardama da soja, kada in fara yi wa kowa darasi.

A bayan shagon mai waldar na Malbaza na fara ganin abin. Na zagaya shi, na sake zagayawa. Na nemi kai ban gani ba, na nemi ido ko ƙafa ban gani ba. Sandunan ƙarfe ne sirara, sun fi ni tsawo, a dashe cikin wani farin gindi mai faɗin tabarma, wanda ta zuba da garin farin dutsen nan mai ƙyalli da matan wurin ke haƙowa. Kowane sanda ya lanƙwashe, ya yi nan ya yi can kamar sawun maciji a rairayi, kuma babu biyu da suka yi kama. A kan kowanne akwai wani dunƙule mai sheƙi kamar ƙanƙara, wani fari fat, wani ruwan ƙwai, wani ja-ja.

Ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa yaran aji. Kowane sanda rijiya ce a fadamarmu. Awon da suka tara na shekaru ta zuba wa kwamfuta, ita kuma ta zana mata layin hawa da saukar ruwan, sai ta bi layin da wuta tana lanƙwasa ƙarfen. Dunƙulen kuwa gishirin rijiyar ne. Ta ɗebo ruwan kowacce, ta zuba a faranti ƙarƙashin gilashi da zare a ciki, rana na shanye ruwan tana ƙara wani, har wata da watanni, sai abin da ke narke cikin ruwan ya taru a jikin zaren. Launin kowanne daga ƙasar da ruwan ya ratso yake.

Ta kama wani sanda ta ce, "Ga taka nan, Baba, ta garka."

Na bi shi da yatsa daga ƙasa. Can wajen tsakiya ya yi wata muguwar faɗuwa. Ban buƙaci a gaya mini ba, shekarar nan ce da guga ke dawowa da laka, albasa ta bushe a fagenta. Na daɗe yatsana na wurin. Na tambaye ta amfanin abin, ta ce lambobin suna nan kwance a buro ba mai duba su, ita so take mutum ya tsaya gaban ruwan garinsu ya ji shi a jikinsa. Dama kafin in taso na tambayi limaminmu, ya ce in babu siffar mai rai a ciki ba shi da abin cewa. Na dubi sandunan na ce a raina, in wannan gunki ne, to darnin garkata ma gunki ne.

Aka kwance sandunan aka naɗe su da tsofaffin tabarmi, aka ɗora gindin a kan katifa. Dunƙulen gishirin kuwa akwatin katako ta yi masu, kowanne da gurbinsa cikin auduga. Ta ce abu biyu ne maƙiyansu, damshi da girgiza. Ranar Ibro ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba tun da ya samu lasisi. Motocin garin Dogarawa cike da fasinja suna wuce mu suna oda, yaran mota na tambaya ko amarya muka ɗauko. Muka kwana Konni a gidansa, matarsa ta cika mu da dambu da kilishi kamar waɗanda za su Makka a ƙasa.

Da safe muka nufi iyaka. Wajenmu ba a sha wahala ba. Ɗan duwan, wato kwastan ɗinmu, ya san Ibro, damuwarsa ɗaya ce, a wane layi zai rubuta kayan, ƙarfen gini ko tsohon ƙarfe. Mariama ta ce sassaƙa ce. Ya leƙa, ya dube ni, ya buga hatimi yana murmushi. Muka tsallaka Illela, ba tamu ta Tawa ba, ta Najeriya, inda in ka ce a Illela ka yi aiki sai a tambaye ka wace unguwa.

Can ne aka tsayar da mu. Jami'in kwastan ɗin da ya tare mu dogo ne, baƙi, mai sanyin magana. Ya duba takardunmu ya ce lafiya lau. Ya ɗaga tabarmi ya ga ƙarfe, ya mayar ya rufe. Da aka buɗe akwatin ya ga fararen dunƙule jere cikin auduga, sai fuskarsa ta canza, ya kira abokin aikinsa. Ban ga laifinsu ba, ni ma in ni ne hakan zan yi. Ko dai ƙwaya ce, ko duwatsu masu daraja ake fitarwa. Mariama ta nuna takardar gayyata, ya karanta ya ce takardar ba ta faɗi ko mene ne farin abin ba. Sai dai a riƙe akwatin a aika da shi a gwada, kuma ba zai iya cewa ga ranar da amsa za ta dawo ba. Taron kuwa cikin makon za a buɗe shi.

Mariama ta roƙi a ba ta ruwa a kofi. Ta zaɓi dunƙulen da ya fi girma, na wata rijiya kusa da tsauni, ta sa farce ta ɓalli gefensa. Aikin watanni ne take ɓantara. Ta jefa a kofin ta juya har ya narke. Kafin ta kai bakinta na karɓe, na shanye. Kanwa-kanwa ne, da ɗan ɗaci a maƙogwaro, irin ruwan da muke cewa bai dafa wake.

Suka ba ni benci a inuwa, suka zuba mini ido su ga ko zan fara layi. Ibro ya gaya masu kada su yi la'akari da surutu, tsohon malamin lakwal ne, ko bai sha komai ba haka yake. Dogon ya yi dariya, ya dangwali ragowar ruwan ya taɓa a harshe. Ya ce kamar ruwan garinsu a can gabas, inda shayi bai yin daɗi. Daga nan hira ta ɓarke. Ya sa aka warware sanda guda, Mariama ta nuna masa damina da rani a jikin ƙarfen, ya ce rijiyar gidan ubansa in aka yi mata sanda, tun daga sama har ƙasa gangara zai yi. Ya rufe akwatin da hannunsa, ya ce mu sauka lafiya. To ga gaskiyar maganar kulle. Benci aka ba ni.

Da ka tsallaka za ka san ka bar gida, ko da yake ƙasar ɗaya ce, geron ɗaya, jakunan ɗaya. Su ba su tuƙi sai da oda. Duk mai furfura Alhaji ne, na yi ta cewa ban je ba tukuna har na gaji na fara amsawa. Burodinsu mai taushi ne da zaƙi kamar kek, ba irin dogon namu da ake karyawa ba, shayinsu kuwa madara ce da aka nuna wa ganye daga nesa. Bayan Gwadabawa aka ɗan yi yayyafi, muka tsaya muka ƙara ɗaure tamfol, muka wuce.

A Sakkwato gidan Gwaggo Kulu muka sauka, ƙanwar mahaifin su Ibro. Tsohuwa ce ƙarama, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune cikin tsohon gari da jajayen awakinta da take kira da suna ɗaya bayan ɗaya. Ta rungume Mariama ta ce rabonta da ita tun tana goye. Ni kuwa ta kira ni surukinta, ta ƙi haɗa ido da ni, amma ta aiko da tuwon shinkafa da miyar da sai da na nemi ruwa tun loma ta farko. Barkononsu ba na wasa ba ne.

Mariama ta taɓa audugar akwatin ta ji ta yi sanyi, yayyafin ya samu hanya. Ta buɗe shi ta ɗora a kan turmi a tsakar gida inda rana ke bugawa, ta ja kujera ta zauna gadi. Gwaggo Kulu ta ce ba a taɓa yin baƙuwar da ta ci abinci a rana a gidanta ba, ta shigo ɗaki, awakin duk a ɗaure suke. Gaskiya ta faɗa, a ɗaure suke. Sai dai akwai wata uwar garke da ta san yadda ake zare kai daga igiya.

Ƙarar faɗuwar akwatin muka ji. Ko da muka fito, akuyar na tsaye tana lasar baki, zare na lilo a leɓenta. Wasu dunƙulen ta lashe su sun yi sumul, biyu sun tarwatse a ƙasa, ɗaya kuwa ta gama da shi ƙaf. Da Mariama ta duba gurbin, na rijiyar garkata ne.

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta durƙusa tana tsince ɓarɓashin tana zubawa a gefen mayafinta, ƙwalla na ɗiga, tana kawar da fuska kada su zuba a kai su narkar da sauran. Gwaggo Kulu ta ɗora hannu a ka, ta ce wa Ibro ya ɗauko wuƙa yanzu-yanzu a yanka 'yar banza, ba ta ƙara kwana a gidan. Da ƙyar na lallashe ta. Na ce dabba ta ga gishiri, kuma shekara nawa muna shayar da awakinmu ruwan nan ba su taɓa ƙi ba.

Bayan la'asar Ibro ya kira mu zaure ya kawo shawara. Kasuwa na kusa, akwai gishirin dutse, akwai kanwa iri-iri, akwai gam. Kafin magariba zai haɗa dunƙulen da ko ita ba za ta bambance ba, balle mutanen Zariya da ba su taɓa ganin Badagishiri ba. Don ƙauna ya faɗa, kuma ni kaina sai da zuciyata ta karkata.

Mariama ta ce, "Kawu, duk abin da ke jikin aikin nan auna shi aka yi, ko daga rijiya ya fito. In na sa gishirin kasuwa, ƙarya na ɗauko a mota na kai masu."

Ibro ya ce to mi za a yi. Ta ce mu koma gida, za ta kira su ta ba da haƙuri. Ta faɗa tana kallon ƙasa. Na san abin da komawar ke nufi, don na san bakunan da ke jira a gari.

Na ce, "Uwata, ba mu taso don mu juya daga Sakkwato ba. Ki kai abin da ya rage. Wanda ya tambaya, ki gaya masa yadda aka yi, ni shaida ne."

Can ta tashi ta shiga gida, muka ji tana tambayar Gwaggo Kulu ko akwai busasshiyar auduga. Da safe tsohuwar ta rako mu har bakin titi tana addu'a, ta cusa wa Mariama ƙullin fura, ta ce in Allah ya sa aikin ya samu karɓuwa a gaya masu akuyar sunanta Ladi.

Hanyar Gusau ba ni son yawan maganarta. Tun a tasha aka ce mu jira mu bi ayarin motoci, kada mu tsaya ko'ina sai wurin sojoji. Akwatin muka shigo da shi gaba, rabi a cinyata rabi a tata. Ibro da bakinsa bai rufuwa ya yi tsit, sai tasbaha a sitiyari. Mun wuce garuruwa masu rai da kasuwa, mun kuma wuce wasu ƙauyukan da rufin ɗakuna ya zube, ciyawa ta cinye hanyar rijiya, ba ko kaza. Sai da muka kusa Funtuwa Ibro ya saki numfashi ya tambaya ko akwai sauran kilishi. Daga nan ƙasa ta sake, masara da dawa sun fi mutum, itatuwa manya, gulabe da ruwa kwance ba mai ko kallonsu. Na ce wa Mariama mutanen nan da wuya su gane abin da ta kawo masu. Ta ce shi ya sa ta kawo.

A Zariya aka ba mu masauki kusa da wurin taron, ɗakuna masu tsabta, da famfo cikin ɗaki, da injin wuta da ke ruri a bayan taga. Shugabar taron wata Farfesa ce, dattijuwa Bayarabiya haifaffiyar garin, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ibro ya gabatar da ni ya ce ga Mushe Sahabi. Ɗaliban da ke wurin suka dubi juna, wata ta rufe baki da mayafi. Mu kunnenmu ya saba, mun manta kalmar na da wata ma'ana, su kuwa mataccen jaki kawai suka sani. Farfesa ta ce a nan Malam za a kira ni, kuma ga dukkan alamu da raina. Su ma na samu abin dariya a bakinsu, don ba ruwansu da mace da namiji a kaya, sai ka ji motan ya zo, rigan ya yi kyau. Abincin ɗalibai taliya ce da ƙwai safe da yamma, ban san yadda suke karatu da ita ba. Ni wata mai waina na gano a bakin ƙofa, muka ƙulla zumunci.

Zauren taron ya fi masallacin Juma'armu faɗi. Abin da na gani a ciki ba zan iya kwatanta rabinsa ba. Wani ya zuba garin ƙarfe cikin gilashi, mayen ƙarfe na juyawa a ƙasa, garin na miƙewa yana kwanciya kamar gero cikin iska. Wata ta rataye faya-fayan tagulla da ke motsi daidai da bugun zuciyar wanda ya dafa wani maɓalli. Na dafa, suka yi ta rawa da sauri, na janye hannuna. Wani saurayi kuma ya gina abu kamar rumbu da buntun shinkafa, fumfuna ta lulluɓe shi fari fat. Na ja shi gefe na gaya masa a asirce kayansa sun lalace. Ya yi godiya, ya ce fumfunar ce maginin, shi abinci kawai yake ba ta.

Mariama ta kafa aikinta a tsakiya. Dunƙulen da aka lasa ta sa su yadda suke. Sandunan da nasu ya salwanta ta bar su tsirara, da guntun zare a kai. Ranar buɗewa na sa babbar rigata na tsaya a gefe. Ta yi bayani da Ingilishi, wanda ban san ta iya haka ba, sannan ta maimaita da Hausa. Da ta zo kan akuyar zauren ya kwashe da dariya, aka kuma ambaci sunan Ladi kamar yadda aka yi alkawari. Wani mai gemu da jaka a kafaɗa ya ce labarin ya yi daɗi da yawa, yana zaton shirya shi aka yi don a ja hankali. Ban san lokacin da na matso ba. Na ce ni ne uban yarinyar, ni ne mai rijiyar da ba ta da gishiri a kai, kuma da idona na ga zaren a bakin akuyar. Ya ba da haƙuri, daga baya ma ya nemi mu yi hoto.

Wadda ta tsaya mini a rai wata ɗaliba ce siririya. Bayan mutane sun ragu tana nan gaban sandunan nan marasa komai. Ta ce wa Mariama ita daga wajen Gusau take, sun bar ƙauyensu shekarun baya. Rijiyarsu na nan, tana jin har yanzu ruwan na hawa da sauka, amma ba mai ɗiba. Ta tambaya ko za ta iya taɓawa. Mariama da ba ta bari ko ni in matsa kusa da dunƙulen, ta kama hannunta ta ɗora a kan ƙarfen.

Washegari bayan azahar Mariama ta same ni a inuwar masauki, ta zauna ƙasa kusa da ƙafata kamar lokacin da take ƙarama in tana son wani abu. Ta ce Farfesa ta ba ta wuri a ɗakin gwajinsu, shekara guda, ta yi aiki da masu ilimin ruwa da masu sassaƙa tare. Wurin aikinta na Malbaza sun yarda su ba ta hutu. Dama an taɓa yi mata maganar, amma sai an ga aikin tukuna, shi ya sa ba ta ce komai ba.

Ta ce, "In ka ce a'a, Baba, gobe tare za mu koma."

Na san da gaske take, kuma wannan ne ya fi yi mini nauyi. Na ce a nuna mini inda za ta zauna. Gidan wata malama ne mai 'ya'ya mata. Na duba sakatar ƙofa, na murɗa famfo, na ɗaga katifa, na tambayi nisan asibiti, na tambayi wanda ke kulle ƙofar gida da kuma lokacin. Malamar na biye da ni tana amsawa da haƙuri. Da tambayoyina suka ƙare na rasa abin kamawa, sai na ce Allah ya sa albarka. Mariama ta roƙe ni abu ɗaya, ni zan gaya wa uwarta, don in ta ji muryarta a waya ba za ta iya zama ba. Na ce irin wannan magana ba ta waya ba ce, sai na isa.

Da za mu tashi ta gyara mini hula, ta ja wa kawunta kunne kan gudu. Ibro ya yi ta goge gilashin motar da ba abin da ya same shi. Komawar ba ta da labari. Motar ta yi sauƙi, gaban ya yi faɗi, ba akwati ba kowa tsakanina da Ibro. Duk hanya ina shirya kalmomin da zan fara da su, in gina in rushe.

Mun shigo Badagishiri da yamma, garkuna sun yi kore, an fara dashen albasa. Hajiya Ai na bakin ƙofa. Ta yi mana sannu da zuwa, idonta na cikin motar. Na sauko, Ibro ya sauko, ta ci gaba da kallon ƙofar. Na buɗe baki in fara, ta riga ni.

"Sun riƙe ta ke nan."

Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce ba kowa. Ranar da Mariama ta zo sallama ta ga yadda ta tsaya tana kallon ɗakinta, shi ya sa ta sa mata bargo da yaji da kuka a ƙasan jaka ba tare da ta sani ba. Ta tambaye ni abu ɗaya, ko gunki ne. Na ce ba gunki ba ne, rijiyoyinmu ne, kuma na ga manyan malamai tsaye gabansu sun yi shiru. Ta gyaɗa kai, ta karɓi jakata, ta kawo mana ruwa da tuwo.

Muna ci na lura kwano uku ta jera, alhali mu biyu ne, ni da Ibro. Ta ga na gani. Ta ɗauke na ukun, ta shiga ɗakin Mariama da tsintsiya. Ɗakin ba shi da girma, amma har muka wanke hannu muna jin ƙarar sharar.